Tsarin aikin da ba ya karyewa idan kasuwa ta juya

Kowace harkar kasuwanci tana da tsarin aikinta, ko an rubuta shi ko ba a rubuta ba. A shagon sari na kayan masarufi akwai mai yin ciniki da mai saye, akwai mai rubuta rasit, akwai kashiya, akwai mai riƙe makullin sito, sannan ga ’yan dako a bakin ƙofa suna jiran a ce musu su ɗauka. Kowa ya san abin da yake biye da wani, kuma idan aka tsallake mataki ɗaya nan take za a ji hayaniya. Abin da na lura da shi a aikina na duba littattafan lissafin ’yan kasuwa a Kano shi ne, yawancin waɗannan matakai an kafa su ne saboda wani abu da ya taɓa faruwa: an taɓa sace kaya, ko wani ya ci bashi ya gudu, ko yaro ya yi kuskuren farashi. Sai a kafa doka, dokar ta zauna, shekaru su shuɗe, a manta dalilinta, har ya zama idan ka tambayi yaron shago me ya sa ake yin kaza, amsar da za ka samu ita ce, “Haka Alhaji ya ce a riƙa yi.”

Ra’ayina a kan wannan al’amari shi ne, duk mai son tsara aikin da zai jure sauyin kasuwa dole ne ya raba abubuwa uku da muka saba cakuɗawa. Akwai manufa, wato abin da ake so a cim ma. Akwai sharaɗi, wato iyakar da ba za a ƙetare ba wajen cim ma manufar. Akwai kuma hanya, wato matakan da ake bi a yau. Manufa takan daɗe ba ta motsa ba, sharaɗi yakan sauya jefi-jefi idan doka ko mai saye ya sauya, amma hanya an yi ta ne don a riƙa sauya ta. Kasuwancin da ya ɗauki hanya a matsayin manufa shi ne yake tsayawa cak ranar da hanyar ta toshe, ko kuma ya watsar da komai gaba ɗaya cikin firgici, kuma duka biyun asara ne.

Babu lokacin da na ga wannan a fili kamar farkon shekarar 2023. A ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin takardun sun fara yawo a tsakiyar Disamba, aka sanya 31 ga Janairu 2023 a matsayin wa’adin daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, kuma sai a ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. A tsakanin waɗannan ranaku tsabar kuɗi ta yi wuyar gani, tsoho an mayar banki, sabo bai wadata ba, mutane suna kwana a layin ATM, masu POS kuma suna sayar da naira da naira. Shagunan sari da yawa suna da tsohuwar doka guda: kaya ba ya fita daga sito sai kashiya ya ƙirga kuɗi a hannunsa ya buga hatimi a kan rasit. Doka ce mai kyau, ta kare dukiyar mutane shekara da shekaru. Amma a wannan wata, mai saye zai taso daga Gusau ko Haɗeja da kuɗinsa cike a asusu, ya tsaya gaban kashiya ba shi da ko takarda ɗaya da zai miƙa.

Na ga shagon da ya ƙi motsawa, ya ce shi tsaba ko a bar kaya, masu saye suka koma wurin maƙwabtansa. Da ciniki ya mutu, sai mai shagon ya juya gaba ɗaya, ya ce duk wanda ya nuna alat a wayarsa a ba shi kaya. Ba a daɗe ba ’yan damfara suka gane ƙofar, suka riƙa zuwa da saƙon bogi ko hoton rasit ɗin da aka haɗa a waya, katan-katan na madara da taliya suka fita, da aka zauna lissafin dare aka ga babu abin da ya shiga asusu. A karo na farko ya riƙe hanya ya saki ciniki, a karo na biyu ya saki hanyar tare da abin da take karewa, domin bai taɓa zama ya tambayi kansa abin da ƙirga kuɗin nan yake tsare masa ba.

A wani shagon da nake duba wa lissafi, mun zauna da mai gidan da kashiyansa da mai sito, muka fara da wannan tambayar. Amsar ba ta da wuya: abin da ake so shi ne kada kaya su bar sito sai kuɗinsu ya tabbata a hannun shago. Ƙirga takardun kuɗi hanya ce ɗaya daga hanyoyin tabbatarwa. Sai mai sito ya kawo manufa ta biyu wadda ba a taɓa faɗa da baki ba, alhali kowa yana aiki da ita: mai saye na nesa dole kayansa su isa tasha kafin motar garinsu ta tashi, domin wanda ya rasa mota saboda jinkirinka da wuya ya dawo shagonka. Da waɗannan biyun suka bayyana, sauran aikin ya zo da sauƙi. Aka daina kallon wayar mai saye kwata-kwata, aka ba kashiya damar ganin shigar kuɗi a manhajar bankin shagon ba tare da ikon fitar da ko sisi ba, kuma hatimi ba ya sauka a kan rasit sai ya ga adadin da sunan mai turowa da idonsa. Aka buɗe asusu na biyu a wani banki daban, domin a kwanakin nan sabis ɗin wani banki yakan tsaya na wani yana tafiya.

Inda aikin ya fi buƙatar tunani shi ne wurin tiransifar da ta maƙale, wato an cire kuɗi daga asusun mai saye amma bai shigo ba. A nan manufofin biyu suke karo da juna, kuma a nan ne ake gane ko an tsara aiki ko ba a tsara ba. Abin da aka yanke shi ne a raba masu saye gida biyu. Wanda aka daɗe ana hulɗa da shi, aka san shagonsa da garinsu, a sake masa kaya har zuwa wani adadi da aka ƙayyade, a rubuta shi a matsayin bashi na kwana ɗaya, ya sa hannu. Wanda ba a sani ba, a haɗa masa kayansa, a ɗaure, a rubuta sunansa da lambar wayarsa da alƙalamin maka a jikin katan na sama, a jingine su a kusurwar sito ta hannun dama, da zarar kuɗin ya faɗo a kai su tasha a sa a motar gaba a kira shi. Aka sayi ƙaramin littafi mai jan bango aka ajiye a gaban kashiya don wannan kaɗai, kowane layi da suna, da adadi, da bankin da aka turo daga gare shi, da lokaci, da gurbin da za a ja layi idan kuɗi ya shigo. Da yamma mai gida ba ya buƙatar tambayar kowa, yana duba littafin ya ga layukan da ba a ja ba, ya leƙa kusurwar sito ya ƙirga ɗaurin da suka rage, lissafin biyu su yi daidai. Da tsabar kuɗi ta dawo, ba a rushe komai ba, ƙirga kuɗi ya koma matsayinsa na hanya ɗaya cikin hanyoyi uku, tare da tiransifa da POS.

Kada a ɗauka wannan matsala ce ta ƙananan ’yan kasuwa kaɗai. A farkon shekarun 1980 sashen da yake biyan masu kawo wa kamfanin motoci na Ford kaya a Arewacin Amurka yana da ma’aikata fiye da 500. Shugabannin kamfanin sun yi niyyar sa kwamfuta su rage kashi 20 cikin 100, sai suka leƙa kamfanin Mazda na Japan, wanda suke da hannun jari a ciki, suka tarar mutum biyar ne suke wannan aikin. Ko an yi la’akari da bambancin girman kamfanonin, tazarar ta yi yawa. Da suka bincika sai suka ga yawancin lokacin akawunsu yana tafiya ne wajen daidaita takardu uku: takardar oda, takardar karɓar kaya, da takardar neman biya da mai kaya yake aikowa, inda sai abubuwa 14 sun dace kafin a biya. Tsohuwar dokar ita ce a biya idan takardar neman biya ta iso. Suka tambayi kansu manufar, suka ga ita ce a biya kuɗin kayan da aka yi oda kuma aka karɓa. Sai suka soke takardar neman biya gaba ɗaya. Mai oda yana shigar da odarsa a kwamfuta, kaya na isowa ma’aikacin bakin sito ya duba abubuwa uku kawai, idan sun dace ya karɓa kwamfuta ta shirya biya, idan ba su dace ba a mayar da kayan. Ma’aikatan sashen suka ragu da kashi 75 cikin 100. Michael Hammer, wani masanin tsarin aikin kamfanoni, shi ne ya yaɗa wannan labari a mujallar Harvard Business Review a 1990, kuma abin da nake ɗauka daga ciki ba rage ma’aikata ba ne, domin wannan ɓangaren ya jawo wa mutane da yawa wahala a kamfanonin da suka kwaikwaya ba tunani. Abin da nake ɗauka shi ne, da sun sa kwamfuta a kan tsohuwar hanyar, da sun ƙara wa aikin banza sauri ne kawai.

Maganar sharaɗi tana buƙatar kulawa ta daban, domin a nan ne ake yawan ruɗewa. Akwai sharaɗin da ya zo daga waje, daga hukuma ko daga addini ko daga mai saye, wanda ba ka da ikon ɗage shi. Akwai kuma wanda ka ɗora wa kanka, wanda sau da yawa al’ada ce kawai ta sa rigar doka. Duk sharaɗin da aka kawo mini, tambaya biyu nake yi: wa ya ɗora shi, kuma me zai faru idan aka saɓa masa? Idan amsar ita ce NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, za ta rufe masana’anta, ko mai saye zai dawo da kwantena, to wannan ginshiƙi ne, a gina tsari a kansa. Idan kuwa amsar ita ce babu wanda ya tuna, to a ajiye shi a jerin abubuwan da za a iya taɓawa.

Cinikin wake ya nuna yadda sharaɗin waje yake iya rusa hanyar da aka saba. Manufar mai ajiye wake, daga manomi har babban ɗan kasuwar Dawanau, ita ce ƙwari kada su cinye shi tsakanin kaka da lokacin da farashi zai tashi. Hanyar da mutane da yawa suka saba ita ce zuba maganin ƙwari irin su fiya-fiya a cikin buhu. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda an yi ta samun ragowar sinadarin kashe ƙwari mai suna dichlorvos fiye da ƙa’idar da suka yarda da ita, kuma aka yi ta sabunta dakatarwar shekaru bayan nan. Ga wanda ya ɗauki zuba magani a matsayin wani ɓangare na sana’ar ajiyar wake, ƙofa ta rufe. Ga wanda ya san manufarsa kare wake ce, akwai wata hanyar: buhun nan mai rufi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masu bincike na Jami’ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi sosai a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu tun daga 2007. Ana ɗaure kowace leda daban, iska ta ƙare a ciki, ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Sai dai sauya hanyar yana jawo sauyin matakai da yawa: dole waken ya bushe sosai kafin a ɗura, dole a duba leda ko ta huje, dole a hana ɗan dako amfani da ƙugiya, dole a kiyaye ɓera a sito. Kuma ni a ganina, lafiyar wanda zai ci waken a Kano ko Legas sharaɗi ne da ya kamata a ce an rubuta shi tun kafin Turawa su yi magana.

Wani sharaɗin da muke da shi a gida tun asali shi ne rubuta bashi, wanda aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawon aya a Alƙur’ani, ta yi umarni da shi. Hanyar rubutawa ta sauya daga takarda zuwa littafin kanti zuwa saƙon WhatsApp zuwa manhaja, kuma duk sun wadatar muddin adadi da wa’adi da shaida sun bayyana. Abin da bai kamata ya sauya ba shi ne a rubuta ɗin, ko da mai karɓar bashin ɗan’uwan mai gida ne. A littattafan da nake dubawa, ramin da ya fi zurfi yawanci ba na baƙo ba ne, na wanda aka ji kunyar a ce ya sa hannu ne.

Daga nan sai yadda ake gina sassauci a cikin tsarin kansa. Abu na farko shi ne a faɗi manufa ta yadda za a iya aunawa. “A kyautata wa masu saye” magana ce mai daɗi, amma yaron shago ba zai iya yanke hukunci da ita ba. “Wanda ya biya kafin azahar, kayansa su isa tasha kafin la’asar” magana ce da kowa zai iya duba agogo ya san an cika ko ba a cika ba. Bayan haka, tilas mai gida ya faɗi wace manufa ce take gaba idan biyu suka yi karo, kuma a wane hali. Wannan shi ne abin da masu kasuwanci suka fi ƙin yi, domin sun fi son a kira su a waya kowane lokaci. Amma mai gidan da sai an kira shi kafin a sake katan goma, ranar da yake cikin jirgi zuwa Umara ko yake kwance a asibiti, shagonsa ma yana kwance.

Abu na biyu, wanda nake ganin an fi sakaci da shi, shi ne kada a ɗaure doka da adadin naira. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin ’yan kwanaki. A tsakiyar Yuni aka saki farashin canji, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 700, kuma zuwa Fabrairu 2024 ta wuce 1,500. Duk shagon da dokarsa ta ce manaja yana iya ba da bashi har naira dubu 500, ko ana ƙara naira 300 a kan kowane katan a matsayin riba, ko kuɗin kai kaya tasha naira kaza ne, ya wayi gari dokokinsa sun zama marasa ma’ana ba tare da kowa ya taɓa su ba. Da an ce iyakar bashi ita ce kwatankwacin katan 30 na haja kaza, ko rabin abin da mutumin ya saba saye a wata, da dokar ta bi farashi da kanta. Haka ma wurin sa farashi. Mutane da yawa sun sayar da tsohon kaya a kan kuɗin da suka saye shi da ’yar riba, suna murna ciniki ya yi kyau, da suka koma kamfani sari sai suka ga kuɗin katan 100 bai fi ya sayo 70 ba. Manufar ɗan kasuwa ita ce jarinsa ya iya sake cika sito, don haka dokar farashi ya kamata ta dubi kuɗin da za a sayo kayan gobe, kuma a faɗi wanda zai tambayo farashin kamfani da lokacin da zai tambayo. Wannan bai ba kowa lasisin ɓoye kaya ko tsawwala wa talaka ba. Adadin ribar yana nan yadda aka yarda da shi, abin da aka gyara shi ne tushen da ake ɗora ta a kai.

Abu na uku shi ne a tanadi hanya ta biyu ga duk matakin da idan ya tsaya komai ya tsaya, kuma a tanade ta tun ana zaune lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake sayar wa ’yan Maraɗi da Damagaram ya ga rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ya sake ganin wani bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Ba kowane mataki ne yake buƙatar madadi ba, domin madadi kuɗi ne. A zaɓi ’yan kaɗan: banki, babban mai kawo kaya, mai mota, wutar da firij yake dogara da ita, da mutum ɗayan nan da shi kaɗai ya san lissafin.

Kamfanin Toyota ya shahara da ƙin tara kaya a sito, ana kawo masa kowane sashe na mota daidai lokacin da ake buƙatarsa, har mutane suka ɗauka rashin ajiya shi ne aƙidarsa. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta Maris 2011 a Japan, kamfanin ya bi diddigin masu kawo masa kaya, ya gano cewa wasu sassa, musamman ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ake sa wa mota, suna ɗaukar watanni kafin a ƙera su. Sai ya buƙaci a riƙa ajiye masa na wata biyu zuwa shida na irin waɗannan. Da ƙarancinsu ya addabi duniya a farkon 2021, Toyota ya ci gaba da aiki lokacin da wasu kamfanonin suke rufe layukansu, ko da yake zuwa Satumba na shekarar shi ma ya rage ƙira da kusan kashi 40 cikin 100. Manufarsa tun farko ita ce kawar da ɓarna da isar da mota a kan lokaci, kuma ya sauya hanyar a inda ta daina biyan wannan buƙata, ya bar ta a inda take biya.

Akwai ƙorafin da nake yawan ji, kuma ban raina shi ba. Mai gida zai ce, “Malam, idan ka buɗe wa yara ƙofar su yi hukunci da kansu, gobe kowa zai yi abin da ya ga dama ya ce manufa ya bi.” Gaskiya ne, sassaucin da ba shi da iyaka sunansa rashin tsari. Shi ya sa a masana’antun Toyota ɗin nan, inda kowane ma’aikaci yake da ikon jan igiya ya kira shugabansa har a tsayar da layi idan ya ga matsala, a nan ne kuma aka fi tsananta bin rubutaccen tsarin aiki. Kowa yana bin hanyar yau sau da ƙafa, wanda ya ga ta gaza ya faɗa, a gyara ta ga kowa a lokaci guda. A shago ma haka ya kamata. Ma’aikaci yana da izinin kauce wa hanya a cikin iyakar da aka shata masa, da sharaɗin ya rubuta abin da ya yi da dalilinsa a ranar. Wannan rubutun keɓantattun hukunci ya fi duk wani rahoto amfani a wurina, domin idan na ga abu ɗaya yana maimaituwa mako bayan mako, na san dokar ce ta tsufa. A wani kantin magani da na duba, kusan kullum sai an rubuta cewa an karɓi kaya daga mai kawowa ba tare da sa hannun manaja ba, saboda motar kaya tana zuwa da sassafe manajan kuma sai hantsi. Manufar sa hannun ita ce a duba ranar lalacewar magani da lambar NAFDAC kafin ya hau kanta. Aka koya wa mai buɗe kantin yadda ake dubawa, aka ba shi takarda mai gurabe huɗu ya riƙa cikewa, manaja ya zo ya ɗauki kwali biyu ko uku ya sake dubawa, aka huta da saɓa doka kullum.

Game da manhajojin lissafi da na sito da ake tallatawa yanzu, shawarata ita ce a jinkirta saye har sai an gama wannan aikin a takarda. Manhaja tana daskarar da duk hanyar da ta tarar, kuma sauya ta bayan an shigar da haja dubu yana da tsada. Idan lokacin saye ya yi, tambayoyin da nake sa mai gida ya yi wa mai tallar su ne: zan iya sauya farashin kaya gaba ɗaya da kaina ba tare da na kira ka ba? Za ta karɓi biya rabi tsaba rabi tiransifa a rasit ɗaya? Idan babu intanet ko babu wuta, ciniki zai tsaya? Zan iya ba kashiya ikon gani ban ba shi ikon gogewa ba? Idan na bar ku, zan fita da bayanaina?

Takardar da nake barin wa kowane shago ba ta wuce shafi ɗaya ga kowane aiki, kuma da Hausa ake rubuta ta, domin masu aiki da ita su iya karantawa. A sama manufa cikin jimla ɗaya ko biyu, da wadda take gaba idan sun yi karo. A tsakiya sharuɗɗa, kowanne da sunan wanda ya ɗora shi. A ƙasa matakan yau, da fensir, kowane mataki da manufar da yake yi wa aiki a gefensa, kuma matakin da aka rasa abin rubutawa a gefensa shi ne na farko da za a tattauna cire shi. Lokacin dubawa kuwa ina ɗaure shi da kalandar kasuwar kanta, wato kafin azumi lokacin da cinikin sukari da gero da madara yake ninkuwa, da bayan Babbar Sallah lokacin da kasuwa take lafawa a sami sukunin zama, da kuma farkon kaka ga masu hatsi. Ban da waɗannan, ana zama na musamman duk ranar da hukuma ta fito da sabuwar doka, ko babban mai kawo kaya ya sauya sharuɗɗansa, ko littafin keɓantattun hukunci ya nuna abu ɗaya sau uku a wata. A zaman kuma dole mai sito da kashiya da babban yaron shago su kasance, a fara jin ta bakinsu kafin mai gida ya yi magana.